Surukata da dillalin kamfanin gas: ta sa hannu ita kaɗai, ko ta bi ƙungiyar maƙwabta?

Baban_Hanifa:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman daga mazauna Amurka da waɗanda suka san harkar mai da gas. Mahaifiyar matata tana da gona eka 84 a arewa maso gabashin Pennsylvania, gadon mijinta ce. Tun rasuwarsa ba a noma komai a ciki, sai ciyawar shanu da wani maƙwabci ke yanka yana ɗan ba ta wani abu. Tsohuwar yarjejeniyar gas da marigayin ya sa wa hannu ta ƙare ba a haƙa komai ba. To makonni uku da suka wuce wani dillalin kamfani ya same ta har gida da takarda shafi huɗu. Ya ce in ta sa hannu kafin ƙarshen wata za a biya ta kuɗin sa hannu a kan kowace eka, sannan tana da kashi 12.5 cikin 100 na duk gas ɗin da aka fitar.

Su kuma maƙwabtanta, gida kusan 40, sun haɗa kai sun ɗauki lauya guda, sun ce kada kowa ya sa hannu shi kaɗai, a bari a yi ciniki da baki ɗaya. Dillalin ya ce mata ɓata lokacinsu kawai suke yi, kamfani ba zai jira su ba. Dattijuwa ce mai shekara 76, rufin gidanta na yoyo, kuɗin sun shiga ranta. Ta tuntuɓe ni don ta san aikin akanta nake yi, amma lissafin ofis daban, cinikin gas daban. Me kuka gani?

Bakano_77:
Wa alaikumus salam. Dakata tukuna Malam. Kana nufin gas ɗin da ke ƙarƙashin gonarta nata ne? Ba na gwamnati ba? Ni a nan kaina ya ɗaure.

Inj_Bala_Houston:
Nata ne Bakano, muddin ba a taɓa cire shi daga takardar mallakar gonar ba. Amurka na cikin ƙasashe ƙalilan da mutum ke mallakar abin da ke binne a ƙarƙashin filinsa. Kamfani ba gonar yake saye ba, izinin haƙowa yake haya, galibi na shekara 5. In ya haƙa rijiya ta fara ba da gas a cikin wa'adin nan, to yarjejeniyar ba ta mutuwa sai ranar da rijiyar ta ƙafe, ko da shekara 40 za ta ɗauka. Takardar nan mai shafi huɗu sai ta bi Hanifa har ɗakin mijinta.

Baban Hanifa, wannan 12.5 ɗin ba alheri ya yi mata ba. Wata dokar Pennsylvania ta 1979 ce ta hana a ba mai fili abin da bai kai ɗaya bisa takwas ba. Abin da doka ta tilasta musu shi ya kawo, ko sisi bai ɗora ba. Maganar "kafin ƙarshen wata" kuwa tsohuwar waƙarsu ce. Gas ɗin ya yi shekara kusan miliyan 390 a kwance cikin dutsen Marcellus da ke shimfiɗe a ƙarƙashin yankin, ba wata guda ne zai sa ya gudu ba.

Ga abin da ya faru a yankin nan naku dai. Wajen 2006 dillalai sun bi gida-gida a ƙauyen Dimock da ke gundumar Susquehanna, mutane suka riƙa sa hannu a kan dala 25 kowace eka, suna ganin banza ta faɗi. A farkon 2008 Farfesa Terry Engelder na jami'ar Penn State ya fitar da ƙiyasin yawan gas ɗin da ke cikin dutsen, kamfanoni suka yi caa. Waɗanda ba su riga sun sa hannu ba suka haɗa kansu ƙungiya-ƙungiya. A 2009 ƙungiyar Friendsville ta daidaita da kamfanin Fortuna a kan dala 5,500 kowace eka da kashi 20. A shekarar dai masu filaye na gundumar Wyoming suka samu dala 5,750 da kashi 20 daga kamfanin Chesapeake. Dutse ɗaya, gas ɗaya, wani ya karɓi 25 wani ya karɓi 5,750. Ni dai da uwata ce, ƙungiya za ta shiga.

Bakano_77:
Inna lillahi! Daga 25 zuwa 5,750? Wanda ya karɓi 25 ai sai hawan jini.

Hajiya_Uwani:
Ni ba gas ɗin ne ya ba ni mamaki ba. Baban Hanifa, kai da surukarka har zama kuke yi kuna duba takarda tare? Lallai zaman Turai ya cire muku kunya. Allah ya shirya.

Baban_Hanifa:
Hajiya a yi mini afuwa, a bakin ƙofa nake durƙusawa in karanta mata daga nesa.

Ɗan_Scranton:
Injiniya, da girmamawa, rabin labarin ka faɗa. Na yi shekara 19 a wannan yanki, a gabana aka yi komai. Ba ƙungiya kaɗai ce ta kai farashi 5,000 ba, lokaci ne. A watan Yulin 2008 farashin gas ya haura dala 13 a ma'aunin kasuwa, kamfanoni na rububin fili kamar ranar sallah a kasuwar raguna. Zuwa Afrilun 2012 ya faɗo ƙasa da dala 2. Ko a ƙarshen 2008, da tattalin arziƙi ya karye, akwai ƙungiyoyin da ke ta jan ciniki suna jiran a ƙara, aka wayi gari kamfani ya janye tayinsa gaba ɗaya.

Ka tsallaka iyaka zuwa New York ka ga abin tausayi. Mutanen garin Deposit da suka sa hannu da kamfanin XTO a 2008 sun karɓi sama da dala 2,400 a kowace eka, kuɗi ya shiga aljihu. Sauran ƙungiyoyin da suka tsaya jira, dubun-dubatar masu filaye, jihar ta dakatar da wannan nau'in haƙa na fasa dutse da ƙarfin ruwa tun 2008, a Disambar 2014 gwamnatin Gwamna Cuomo ta sanar da haramta shi ɗungurungum. Har yau gas ɗinsu na nan a ƙasa, ko kwabo ba su gani ba. Ita kanta Friendsville da ka kawo, ai akwai 'yan ɓangaren New York a cikinta. Dala 500 aka fara ba su a kan eka, aka ce sauran 5,000 sai ranar da jiha ta ba da izinin haƙa. Ranar ba ta zo ba.

Ba cewa nake ta sa hannu gobe ba. Cewa nake kada a nuna mata kamar duk wanda ya jira sai ya ci riba. Mace mai shekara 76 da rufi na yoyo, jiranta ba irin jiran ɗan shekara 40 ba ne.

Inj_Bala_Houston:
Na yarda da kai a kan lokaci. Amma misalin New York ba laifin ƙungiya ba ne, hukuncin gwamnati ne. Kuma gonar da ake magana a Pennsylvania take.

Ɗan_Scranton:
To ga na Pennsylvania. Gundumar Wayne. Iyalai sama da 1,000 suka haɗu, suka yi ta ciniki, a 2009 suka daidaita da kamfanonin Hess da Newfield. Takardarsu har yabonta ake yi don ta kare ruwa da gona. An biya su wani ɓangare, sauran sai an fara haƙa. Sai hukumar da ke kula da kogin Delaware ta tsayar da komai a 2010, a 2013 kamfanonin suka soke yarjejeniyar suka kama gabansu, a 2021 hukumar ta haramta haƙar baki ɗaya a yankin. Baban Hanifa, ruwan gonar surukarka ina yake gangarawa, kogin Delaware ko na Susquehanna? Wannan tambayar ta fi ta ƙungiya muhimmanci.

Baban_Hanifa:
Susquehanna ne. Akwai rijiyoyi masu aiki bai fi mil uku daga gidanta ba, da daddare ana hango fitilunsu.

Barista_Zazzau:
Kun tsaya a kan kuɗin sa hannu, alhali shi ne mafi ƙanƙanta a cikin maganar. Ni ba lauyan Pennsylvania ba ne, aikina a Maryland yake, don haka kada a ɗauki wannan a madadin ganin lauyan can. Amma ga inda ake yanka mutane.

A 2010 kotun ƙolin Pennsylvania ta yanke hukunci a shari'ar Kilmer da Elexco, ta ce kamfani na iya lissafa kason mai fili da darajar gas a bakin rijiya. Ma'ana, kuɗin tara gas ɗin, da matsa shi, da busar da shi, da tura shi ta bututu zuwa kasuwa, ana iya zaftare rabon mai fili daga cikinsu kafin a ba shi nasa. Da farashi ya faɗi, mutane a gundumar Bradford suka riƙa samun takardar wata-wata da ɗaya bisa takwas ɗin ya narke ya koma ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, wasu ma sifili, wasu har lissafin ya nuna kamar su ake bi bashi. Babban lauyan jihar ya kai Chesapeake kotu a 2015 kan wannan batu, sai a 2021 aka yi sulhu, bayan kamfanin ya shiga fatarar kuɗi a 2020.

Saboda haka kashi 20 da ake zaftarewa zai iya kasa kashi 15 da aka rubuta ƙarara cewa ba za a cire komai daga cikinsa ba. Kuma a nan ne ƙungiya ke da amfani na gaske. Dattijuwa mai eka 84 in ta ce a goge wannan layi a sa wancan, dillali zai yi murmushi ya ce takardar kamfani ce, ba a taɓa ta. Gida 40 masu eka dubbai a manne da juna in suka faɗa, sai a taɓa. Dalili kuwa rijiyoyin yanzu ba miƙewa suke yi ƙasa kawai ba. Ana nutsawa fiye da mil guda, sannan a karkata a yi ta tafiya a kwance mil biyu ko uku a cikin dutsen. Dole kamfani ya samu filaye a jere ba giɓi. Jeren nan shi ne jarin maƙwabtan.

Abin da zan so in gani a takardarta: a hana zaftare kuɗin bayan haƙowa. A rubuta cewa in rijiya ta shafi eka 10 kawai na gonar, sauran 74 sun kuɓuta idan wa'adi ya cika, don in ba haka ba ɗan lungu guda zai ɗaure gonar duka har abada. A taƙaita hayar ga dutsen Marcellus kaɗai, saboda akwai na Utica a ƙarƙashinsa, wannan cinikin wata rana ne daban. A raba maganar bututu da hanyar manyan motoci, kowanne da kuɗinsa da amincewarta. In gonar na cikin tsarin rangwamen haraji na manoma da suke kira Clean and Green, kamfani ya ɗauki nauyin duk harajin baya da zai taso. Sannan a duba layin da ke ba kamfani damar sabunta haya shi kaɗai ba tare da ya sake tambayarta ba.

Maman_Ilham:
Barista Allah ya saka da alheri, amma duk cikinku maza ba wanda ya ambaci ruwan sha. A ƙauyukan nan ba famfon gwamnati, kowane gida da rijiyar burtsatsensa. Ina aikin jinya, akwai abokiyar aikina da iyayenta suka sa hannu su kaɗai shekarun baya. Bayan an haƙa kusa da su ruwansu ya canja launi, yana ƙamshin da ba su saba ba. Da suka yi ƙorafi aka ce su kawo shaidar yadda ruwan yake kafin haƙa. Ba su da ita, don ba wanda ya ce musu su gwada. Shekara biyu suna sayen ruwan gora har na dafa abinci.

Dimock ɗin da Injiniya ya kawo ma ai ba da dala 25 kaɗai ta yi suna ba. Ranar 1 ga Janairun 2009 rijiyar ruwan wata mata ta fashe saboda gas da ya taru a ciki. Aka yi ta shari'a da kamfanin gas na Cabot shekara da shekaru, sai a Nuwamban 2022 kamfanin, wanda ya koma Coterra, ya ƙi musanta tuhumar a kotu, ya amince zai biya sama da dala miliyan 16 a ja wa mutanen bututun ruwa. Shekara kusan 14 ke nan. Ko ta shiga ƙungiya ko ba ta shiga ba, a kira masu gwajin ruwa masu lasisi su ɗebi samfuri tun yanzu, a adana takardar.

Barista_Zazzau:
Gaskiyarki Maman Ilham, na yi mantuwa. Dokar jihar ta 2012 ta ce in ruwan rijiya ya ɓaci a cikin tazarar ƙafa 2,500 daga rijiyar gas, cikin wata 12 da yin aikin, kamfani ake fara ɗora wa laifi sai ya wanke kansa. Amma in mai gida ya hana su gwada ruwan kafin su fara, ya ba su hujjar kare kai. Ta bar su su yi nasu gwajin, ita ma ta yi nata daban.

Ɗan_Alkaleri:
Ni dai ina karantawa ina haɗiyar yawu. Mu da aka ce an samu mai a Kolmani, tsakaninmu da Gombe, Shugaba Buhari ya zo da kansa a Nuwamban 2022 ya ƙaddamar. Wa ya taɓa zuwa ƙofar wani manomi da takarda ya ce ga kasonka? A can tsohuwa na zaɓar ko ta sa hannu ko ta ƙi. Allah ya ba mu irin wannan matsalar.

Barista_Zazzau:
Ɗan Alkaleri, ba za a zo ba, don doka ba ta ce a zo ba. Sashe na 44(3) na kundin tsarin mulkin 1999 ya damƙa duk ma'adinai da mai da gas a hannun gwamnatin tarayya. Dokar filaye ta 1978 kuma ta sa ƙasar kanta a hannun gwamna. Abin da manomi ke da shi diyyar amfanin gona da bishiyoyi da gini ce. Sabon abin da dokar man fetur ta 2021 ta kawo shi ne asusun al'ummomin da ake haƙa a yankinsu, inda kamfani zai riƙa zuba kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanar da aikinsa na shekarar da ta gabata. Na al'umma ne, ba na mutum ɗaya ba.

Malam_Na_Zaure:
In ƙara da abin da ya shafi addini, tunda an zo wurin. Mashhurin zance a mazhabarmu ta Malikiyya shi ne ma'adinai hukuncinsu na hannun shugaba, ko da a filin wani aka same su, ya sarrafa su don maslahar jama'a. Akwai mazhabobin da suka bai wa mai fili. Don haka tsarin Najeriya a asalinsa ba baƙo ba ne a wurinmu. Inda gizo ke saƙa shi ne "maslahar jama'a" ɗin. Wallahu a'alamu.

Bakano_77:
Allah gafarta Malam, a wannan mas'alar dai ni na koma ɗaya mazhabar.

Malam_Na_Zaure:
Sai ka fara mallakar gonar tukuna.

Alhaji_Tsoho:
Yara kuna ta dariya, amma haɗa kai ko a gida yana aiki, ko da ba ka mallaki abin da ke ƙasa ba. Lokacin da za a fitar da titi ta gonakin ƙauyenmu, masu ƙiyasin diyya suka zo suna kiran mutane ɗaya-ɗaya a gindin wata tsamiya. Waɗanda suka fara shiga aka ƙirga musu ɗorawa da mangwaro a farashin itacen girki, suka dangwala yatsa. Mu da muka rage, mu 23, muka je wurin dagaci muka ce ba mai dangwalawa sai an zagaya da mu gona-gona an ƙirga a gabanmu, an rubuta, kowa ya riƙe kwafinsa. Wata huɗu muka yi ana kai ruwa rana. Abin da muka samu ya fi na farkon nesa ba kusa ba. Sai dai zan faɗa muku abin da ban manta ba: mutum biyu daga cikinmu, masu manyan gonaki, aka kira su da daddare aka sallame su, da safe muka ji sun zare jiki. Saura ƙiris tafiyar ta watse. Ɗana Baban Hanifa, ka bincika su waye manyan cikin ƙungiyar nan, kuma me ya ɗaure su.

Ɗan_Scranton:
Baba ya taɓo inda nake son zuwa. Ƙungiyoyin nan ba duka ne na Allah da Annabi ba. Wasu maƙwabta ne na gaske, suna taro a zauren 'yan kwana-kwana na ƙauye, kowa ya ba da ɗan kuɗin lauya. Wasu kuwa wani ɗan kasuwa ne ya kafa, ya kira kansa mai ba da shawara, yana yankar nasa a kan kowace eka, wani ma har cikin kason wata-wata yake da rabo muddin rijiya na aiki. Irin wannan burinsa a sa hannu ko ta halin ƙaƙa, don sai an sa yake samu. Kuma bukatun mutane ba ɗaya ba ne. Mai eka 400 da shanun madara damuwarsa inda za a kafa dandalin haƙa da inda motoci za su bi. Mai eka 3 ba abin da ya dame shi sai kuɗin hannu. Takarda guda ba ta yi wa kowa daidai.

Wani abin kuma, ko an daidaita da ƙungiya, kamfani kan ce sai ya binciki takardun mallakar kowa, ya ɗauki kwana 90 ko fiye. A nan ne yake tsince filayen da yake so ya ce sauran takardunsu na da matsala. Wanda aka bari a baya ya yi jiran banza.

Maman_Ilham:
To ai ko ita kaɗai ta sa hannu haka za a yi mata. Takardar da dillali ke miƙawa ranar sa hannu ba cekin banki ba ce, alkawarin biya ce bayan bincike. Kada ta kira mai gyaran rufi da ita.

Ɗan_Scranton:
Wannan haka yake.

Sadiya_Dallas:
Mu a Texas har cikin gari aka yi wannan. A 2008 unguwannin Fort Worth da ke kan dutsen Barnett, masu gidajen da filinsu bai kai rabin eka ba, suka riƙa ciniki unguwa-unguwa, farashi ya haura dala 20,000 a kan eka. Kafin shekarar ta ƙare kasuwar ta mutu. Duk ku biyun kuna da gaskiya, Injiniya da Ɗan Scranton. Tambayata ga Barista: in ta ƙi duka biyun fa? Ba za su zuƙe gas ɗin ta ƙarƙashinta ba?

Barista_Zazzau:
Ya danganta da jiha. New York na da dokar da ke shigar da mai fili cikin rukunin rijiya, wato filayen da ake haɗawa don rijiya guda, ko bai so ba, in kamfani ya riga ya mallaki hayar kashi 60 na rukunin. Ohio ma na da irin nata. A Pennsylvania ba a yin wannan tilas a kan dutsen Marcellus, ba za su ratsa ƙarƙashin gonarta ba sai da izininta. Abin da za su yi shi ne su zana rukuninsu su kewaye ta. In hakan ta faru tana iya zama tsibiri, motoci na wucewa ta ƙofarta dare da rana, maƙwabta na karɓar kuɗi, ita ba ta da komai. Wannan ita ce barazanar dillalin ta gaskiya, kuma tana aiki ne a kan mutum ɗaya. Ba a kewaye gida 40.

Baban_Hanifa:
Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya na kira shugabar ƙungiyar, tsohuwar malamar makaranta ce, ita ma gonarta na ciki. Lauyansu kuɗinsa tsayayye ne a kan kowace eka, sau ɗaya, ba shi da rabo a kason wata-wata. Shiga ƙungiyar bai hana mutum ƙin sa hannu a ƙarshe in takardar ba ta yi masa ba, sai dai an yi alkawarin ba mai yin cinikin gefe har wata shida. Abin da Baba Alhaji ya hango kuwa yana nan: akwai wani mai eka sama da 300 a tsakiyarsu da har yau bai ba da amsa ba, an ce dillalin ya je gidansa sau uku.

Sabuwar matsala kuma, matata ta tono tsofaffin takardu ta ga wata ta zamanin kakan mahaifinta, inda wanda ya sayar musu da gonar ya rubuta cewa ya riƙe wa kansa "kwal da sauran ma'adinai". Yanzu hankalin kowa ya tashi, ko gas ɗin ma ba nata ba ne?

Barista_Zazzau:
Kada hankali ya tashi tukuna. Pennsylvania na da wata tsohuwar ƙa'ida tun 1882 da ake kira ƙa'idar Dunham: in takarda ta ce "ma'adinai" kawai ba ta ambaci mai ko gas da suna ba, ana ɗauka ba su cikin abin da aka riƙe, sai in an kawo hujja mai ƙarfi. Kotun ƙolin jihar ta sake tabbatar da ita a 2013, kuma a kan gas ɗin Marcellus ɗin ne ma. Amma lafazin takardar ne zai yi hukunci, kalma da kalma. Ku kai wa lauya asalinta. Kuma ku lura ko takardar dillalin na da layin da surukarka ke ba da tabbacin cewa mallakarta ba ta da gardama. In akwai, a goge shi, kamfani ya yi bincikensa da kansa.

Inj_Bala_Houston:
Ka ga amfanin lauyan ƙungiya ke nan. Ita kaɗai da ta biya wannan daga aljihunta.

Ɗan_Scranton:
Lauyan ƙungiya na ƙungiya ne Injiniya. Ranar da matsalar takardarta za ta jinkirta sa hannun mutum 39, ka ga wanda zai tsaya mata. Ni da za a ji tawa, ta shiga ƙungiyar amma ta biya wani lauya daban na awa biyu ya karanta mata nata. Kuma in mai eka 300 ɗin nan ya zare, a sake lissafi daga farko.

Hajiya_Uwani:
Duk wannan dogon turanci, rufin fa? Damina ko ƙanƙara ba ta jiran lauya. Baban Hanifa, kai da matarka ku haɗa ku gyara mata rufin nan, sai a ga ko za ta ƙara kula dillalin. Ba don yoyon ba ai da ba ta saurare shi ba tun farko.

Maman_Ilham:
Hajiya kin gama magana.

Baban_Hanifa:
Hajiya kin ɗaure ni da jijiyata. Zan nemi mai gyara ya zo ya duba ya faɗi kuɗinsa. Taron ƙungiyar ranar Asabar ne da ƙarfe 10, ni zan kai ta. Barista, in na ɗauki hoton tsohuwar takardar nan zan iya turo maka ta akwatin sirri? Rubutun hannu ne, wasu kalmomin sun dushe.

Barista_Zazzau:
Turo, amma ka ɗauka da rana kusa da taga, kuma har da bayan takardar.

Bakano_77:
Ni har yanzu ina kan dala 25 ɗin nan. Mutanen Dimock ɗin, da wa'adinsu na shekara 5 ya cika, ba su sake ciniki ba?

Inj_Bala_Houston:
Wanda aka haƙa a rukuninsa kafin wa'adi ya cika ba shi da sauran ciniki, Bakano. Koma sama ka sake karanta amsata ta farko.